Shaidu Uku a Tabarma Ɗaya

Wata mai karatu ta rubuto min cewa, "Ikilima, ke dai ba aure kike so ba, neman laifi kike yi." Na karanta, na kife wayar a kan buhun gyaɗa, na daɗe ina kallon kaji suna tono. Wataƙila tana da gaskiya. Amma ku bari in ba ku labarin abin da ya faru daga Laraba zuwa Juma'a, sannan ku yanke min hukunci.

Ga waɗanda yau muka fara haɗuwa, ina shekarar ƙarshe a jami'a, a Kano. Ainihin karatuna na koyarwa ne, shi Baba ya zaɓa min, don a ganinsa malamar makaranta ba ta rasa mutunci. Sai dai a fom ɗin akwai wani ɗan gurbi da aka ce ɗalibi ya zaɓi fanni na biyu, na gefe. Ba wanda na yi shawara da shi, na rubuta nazarin laifuka da shari'a. Ni da ko gaisuwa sai na maimaita ta a zuci kafin ta fito, sai ga ni a ajin da ake ba mutum maki don ya yi shiru ya lura. A ƙauyenmu da ke kan hanyar Kunci kuwa, sunan fannin "karatun 'yan sanda". Ko ludayi ne ya ɓata, sai Inna ta ce, "Ku kira min sufeto."

Wannan hutun na dawo na tarar da kaka ta kama, dammunan gero jingine da rumbu, tsakar gida cike da gyaɗa. Na kuma tarar da Abdulkabir.

Ɗan kasuwar wake ne a Dawanau, asalinsa wani gari gaba da Ɗambatta. Dogo, baƙi, ba ya ɗaga murya. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya kwanta min. Ba ya cika baki, ba ya kirana "tauraruwa" kamar samarin makaranta, kuma in na yi shiru ba ya tsorata da shirun. Abin da ya tsaya min shi ne, Baba da kansa ya kawo shi. Baban da ya kori mutum huɗu da kalma ɗaya, "sai ta gama", yau saura min wata biyar in gama, shi ne yake gaggawa. An ba ni zuwa Juma'a in ba da amsa. In na ce to, Asabar danginsa za su kawo goro da alawa a sa rana.

Ranar Laraba da la'asar muna tsinkar gyaɗa ni da Inna, Baffa Hashimu ya yi sallama. Ƙanin Baba ne, shi aka tura bincike, wato ya je garin su Abdulkabir ya tambayo halinsa da asalinsa kamar yadda ake yi kafin a ba da 'ya. Ya shigo da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, hula a karkace, yana sakace haƙori.

Inna ta ce, "Daga ganin tafiyar nan an cika ka da nama."

"Hajiyar gida, ba ni ruwa kawai ki sha labari. Yarinyar nan ta yi dace. Mutum uku na tambaya, limaminsu, da mai unguwa, da wani tela maƙwabcinsu. Bakinsu ɗaya! Ba ya wasa da jam'i, ba shi da abokin faɗa, kuma tun da aka haife shi bai taɓa yin nisa da garin ba."

Inna ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi."

Ya kamata in tashi in shige ɗaki, tunda maganar aurena ake yi. Ban tashi ba. Na sunkuyar da kai cikin kwandon gyaɗa na ce, "Baffa, a ina ka same su?"

"Iye? Au, sufeto ce. A ƙofar masallaci mana. An shimfiɗa tabarma, su uku suna jirana, har da fura mai sanyi."

"Jiranka suke yi?"

"To da? Haka kawai zan faɗo wa manyan mutane kamar ɗan fashi? Yaya ya buga musu waya tun jiya ya ce ina tafe. Shi ma ya ba ni sunayensu, don kada in sha wahala."

"Kai ka tambaye su ko ya taɓa barin gari?"

"Me zai sa in tambayi wannan? Su suka faɗa. Liman ya faɗa, mai unguwa ya maimaita, tela ma ya ce ƙwarai kuwa."

Inna ta jefe ni da kwanson gyaɗa. "Ummi, ba ki da kunya? Tashi ki kawo wa Baffanki ruwa." Ummi take kirana, don sunan uwar mijinta aka sa min, ba ta iya faɗa.

Na tashi, amma a bakin randa na tsaya da moɗa a hannu, muryar Dakta Sauda tana yawo a kaina. Ita ke koya mana yadda ake ɗaukar bayanin shaidu. Ta sha faɗa mana cewa ba a haɗa shaidu wuri ɗaya, don na biyu zai bi bakin na farko, na uku kuma ya ji kunyar saɓa musu. Shaidun gaskiya, in ji ta, sukan saɓa a ƙananan abubuwa, wannan ya ce da hantsi, wancan ya ce kusan azahar. In ka ji sun zo daidai kalma da kalma, to an zauna kafin ka zo. Abin da ta fi nanatawa kuwa shi ne, a kula da amsar tambayar da ba a yi ba.

Mutumin da kullum yake Dawanau, me ya sa dattawa uku za su rantse bai taɓa nisa da gari ba?

Sabis ɗin waya a gidanmu sai a bayan rumbu, in ka hau turmin da aka kife. Nan na je na rubuta wa Tahira, ƙawata da muke aji ɗaya.

"Su uku, tabarma ɗaya, kuma an sanar da su tun jiya."

Ta turo fuskokin dariya har biyar. "Kin fara ko? Ke saurayi ma sai kin mayar da shi aikin jarrabawa. Haka ake bincike a kowane ƙauye, malama."

"Na sani. Amma saurara."

Sai na zayyana mata abin da na daɗe ina tarawa ban faɗa wa kowa ba. Shafinsa na sada zumunta na duba tun daga ƙasa. Hotuna birjik, shi da abokai, shi a kan buhuna, sai kawai suka yanke. Kusan shekara uku babu ko barka da sallah. Da suka dawo kuma ya rame, kuma babu ko ɗaya daga abokan da.

Ta ce, "Waya ce ta ɓata. Ko ya shiryu ya daina hoto."

Na ce to, lokacin canjin kuɗi fa? Kun dai tuna wahalar da aka sha, mutum da abinsa a banki ya kasa sayen gishiri. Kowane ɗan kasuwa yana da labarin wannan lokacin, ko ba ka tambaye shi ba zai ba ka. Rannan Baffa yana ta zuba nasa a zaure, ya juya ya ce, "Ku a Dawanau yaya kuka yi?" Abdulkabir ya yi murmushi ya ce, "Allah dai kada ya maimaita mana," ya koma zancen ruwan bana. Kamar wanda ya ji labarin a bakin wani.

Tahira ta daɗe tana rubutu tana gogewa. Daga ƙarshe ta ce, "Sai me kuma?"

Sai jakar. A zuwansa na uku ya kawo min wata jaka saƙar hannu, da zaren buhu mai launin kore da fari, an ƙone bakin kowane ƙulli da wuta don kada ya warware. Ya ce wani abokinsa ne yake saƙawa. Na ji daɗinta, har Inna ta ce ta fi na kanti. Amma na san irinta. A zangon da ya wuce an kai ajinmu ziyara wani gidan gyaran hali, na ga maza zaune a inuwa suna saƙa irinta sak, har da ƙona ƙullin. Ban sa abin a raina ba sai ranar da hannun jakar ya kwance muna zance. Ya karɓa, yana min magana, ko kallon yatsunsa bai yi ba, ya mayar da saƙar yadda take.

Wannan karon Tahira ba ta turo dariya ba. Ta ce, "Ikilima, ki yi wa Babanki magana."

Sauƙin faɗa gare ta. Ni tun da na girma ban taɓa haɗa ido da Baba ba. Ranar Alhamis da safe na kai masa koko da ƙosai, na durƙusa, na shirya maganar tsaf a bakina. Yana gyara igiyar ɗaurin dami, ya ɗago ya ce, "Uwata, kin ji abin da Hashimu ya zo da shi ko? Yaron kirki ne. Ki taimake ni ki karɓe shi."

Ki taimake ni. Ba "na umarce ki" ba, ba "na zaɓa miki" ba. Maganar da na shirya ta narke, na ce, "To, Baba, Allah ya zaɓa mafi alheri," na fito ina jin haushin kaina.

A madafa Inna ta tare ni, tana tuƙa tuwo, hayaƙi yana sa ta ƙifta ido.

"Wai me kike nema ne? Ɗan shaye-shaye ne? Mummuna ne?"

"A'a, Inna."

"To karatun nan ne ya ɓata miki zuciya. Kowa kika gani ɓarawo. Haka za ki zauna da miji, kina shinshina aljihunsa?" Ta buga muciya a bakin tukunya. Can ta rage murya. "Shekara talatin ina gidan nan, Malam bai taɓa roƙona komai ba sai a kan wannan. Ni ma ban san dalili ba. Amma kada ki kunyata shi."

Maganarta ta farko ta fi yi min ciwo, don ni ma na sha tambayar kaina. Tun da na fara fannin nan ban iya sauraron mutum kamar da ba. Ina jin abin da ya faɗa, ina kuma neman abin da ya tsallake. Idan duk wannan zato ne fa? Idan na wulaƙanta bawan Allah saboda jaka da hotuna?

Juma'a bayan la'asar saƙonsa ya shigo. "Salamu alaikum. Ina zaure, in ba damuwa."

Na sa atamfata ruwan ƙasa mai zanen ganye, na zura dogon hijabi baƙi, ko kwalli ban sa ba. Na ɗauki jakar.

Yana zaune a tabarma cikin farar shadda, hularsa a gwiwa, bayansa jingine da bango, fuskarsa tana kallon ƙofa. Kullum haka yake zama. Na zauna a ɗaya gefen, na ajiye jakar a tsakaninmu.

"Malama Ikilima, barka da Juma'a. Yau kamar ba a yi murna da zuwana ba."

"Barka dai, Malam. Ina da tambaya, guda ɗaya ce."

"Allah ya sa na yi karatu."

An koya mana kada a fara da zargi. Ka yi tambaya a buɗe, sannan ka rufe bakinka, kada ka taimaki mutum ya cike shirun. A duk abin da aka koya mana, wannan kaɗai ne na iya tun daga gida.

"Lokacin canjin kuɗi, a ina kake?"

Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, tsayawa ya yi a fuskarsa. Ya kalli jakar, ya kalle ni. A waje wani amalanke ya wuce, shanu suna huci. Ya juya hularsa sau ɗaya, sau biyu.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba kowa. Limaminku ne ya yi ƙoƙari ya wuce gona da iri." Na gyara da sauri, "Ina nufin ya faɗi abin da ba a tambaye shi ba."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na ce musu kada su yi haka. Suka ce ba za a ɓata min aure da abin da ban aikata ba." Ya ja numfashi. "Shekara biyu da wata takwas a gidan yari. Jiran shari'a. Sau goma sha ɗaya ana ɗaga zaman, ba a taɓa yanke min hukunci ba."

Na zaci in na ji gaskiya zan ji daɗin na canka. Wallahi ban ji ba.

"Me aka ce ka yi?"

"Shanun huɗa biyu aka kwance a wani ƙauye, ranar kasuwar Ɗambatta. Ni kuma na je kasuwar sayen wake, da shuɗiyar riga irin wadda aka ce ɓarawon ya sa. Akwai wani dattijo da ya hango mutumin yana kora su a hanya, daga baya, daga nesa. Aka kawo shi caji ofis. Aka fito da ni da ankwa a hannu, aka ce, Malam, shi ne?"

"Kai kaɗai? Ba a jera ka da wasu ba?"

"Ni kaɗai."

Na runtse ido. Wannan ma mun yi shi a aji, har ya fito a jarrabawa. In aka nuna wa shaida mutum ɗaya a ɗaure, an riga an ba shi amsa. Ranar na ci maki tara cikin goma, na fito ina murna.

"Ya kalle ni sau ɗaya ya ce ni ne. Mutum ne mai gemu, kowa ya san ba ya ƙarya, wa zai saurare ni? Sai da aka kama ainihin mutanen a wani wuri, suka lissafa abin da suka yi har da wannan, sannan wasu lauyoyi masu taimako suka fitar da ni." Sannan ya ce, "Mahaifiyata ta rasu ina ciki. Bayan kwana tara aka gaya min."

"Allah ya ji ƙanta."

"Amin."

Ya kamata in tsaya a nan. Na samu abin da nake nema, kuma ba laifinsa ba ne. Amma akwai abu ɗaya da bai zauna ba, gaggawar Baba.

"A wane ƙauye aka yi satar?"

Ya ɗaga kai ya kalli bangon zaurenmu na gabas.

"Shanun Malam Badaru ne."

Malam Badaru katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Ina aji ɗaya a jami'a aka yi abin. Na dawo hutu na ji mata suna cewa an sace, an kuma kama ɓarawon, shi ke nan. Irin wannan magana a majalisar maza take ƙarewa, rabi ne yake shigowa cikin gida.

Na ce, "Dattijon..."

"Shi ya neme ni bayan na fito. Har Dawanau. Ya durƙusa a gaban buhunana, 'yan dako suna kallo, yana kuka kamar ba babba ba. Ya ce ba zai iya dawo min da shekaruna ba, ba zai iya dawo min da uwata ba. Amma yana da 'ya, kuma duk duniya ba abin da ya fi so kamarta."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wata biyu ina zargin baƙo, ina bin hotunansa, ina auna kalmominsa, ashe abin da nake nema yana cikin gidanmu, ina kai masa koko kowace safiya. Ni kuma da nake tsammanin an ga hankalina ne aka zo, ashe ban-haƙuri ce aka aika da ni.

Na share ido da gefen hijabi. "Ka yafe masa?"

"Na ce masa na yafe."

"Ba abin da ka ce masa na tambaye ka ba, Malam."

A karon farko ya kalle ni sosai, ido cikin ido, har sai da na ji tsoro. Ba fushi na gani ba. Da fushi ne da na fi samun natsuwa.

"Ikilima, ba zan yi miki ƙarya ba, tunda ke ba a iya yi miki. Yanzu ina son ki, Allah ne shaida. Amma ranar da na fara taka zauren nan, ba aure ne ya kawo ni ba."

"Me ya kawo ka?"

Ya buɗe baki ke nan, muka ji an jingine keke a waje.

"Salamu alaikum."

Baba ne. Ya shigo da ƙaiƙayin gero a kafaɗar rigarsa, lauje a hannu. Abdulkabir ya zame daga tabarmar ya durƙusa ya gaishe shi, cikin ladabin da ba za ka ce akwai komai ba. Baba ya amsa yana murmushi, sannan ya ga idona. Ya kalli Abdulkabir. Na ga lokacin da ya gane. Laujen ya sauka a hankali har bakinsa ya taɓa ƙasa.

Duk da haka ya daure ya ce, "To, madalla, ga ku tare. Uwata, mutanen nan suna jiran waya kafin magariba. Me zan ce musu?"

Na ɗago kai, abin da ban taɓa yi ba, na dube shi. Ya tsufa fiye da yadda na sani. Na dubi wanda ke durƙushe a gabansa, kansa a ƙasa, da sauran maganar da bai ƙarasa ba a bakinsa. In na ce a'a, na bar Baba da abin da ke cin sa. In na ce to, zan bi mutumin da ban san me ya kawo shi gidanmu ba.

"Baba, ka ce musu kada su zo gobe."

Daga cikin gida ina jin Inna tana kiran awaki.

"Kin ƙi ke nan, Uwata?"

"Ban ƙi ba. Ban kuma karɓa ba. Ina so in ji ta bakin kowannenku, amma ba tare ba." Na juya wajen Abdulkabir. "Malam, don Allah ka ɗan jira a waje. Da Baba zan fara."